Ƙungiyata Tana Ƙasan Teburi: In Yi Mata Fatan Nasara Ko Fatan Shan Kaye?

Tambaya: "Assalamu alaikum. Ni tun tasowata ƙwallon ƙafa na sani, sai 'yan shekarun nan na fara bin ƙwallon kwando ta Amurka, gasar NBA. Ƙungiyar da nake goya wa baya bana ta lalace, an wuce rabin kaka tana can ƙasan teburi. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, in ta ci wasa sai in ga magoya bayanta na can suna ɓata rai, in an doke ta kuma suna murna, wai hakan ne zai sa ta samu babban ɗan wasa baɗi. Ni kuwa ƙarfe biyun dare nake tashi in kalli wasa, zuciyata ba ta yarda in yi wa ƙungiyata fatan faɗuwa ba. Su ne ke da gaskiya ko ni? Kuma wannan lissafin yana aiki a ƙwallon ƙafa?"

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Tambayarka biyu ce a haɗe, kuma ta biyun ta fi sauƙin amsa. A ƙwallon ƙafa irin ta Ingila ko ta Nijeriya, shan kaye ba ya saya wa ƙungiya komai sai wahala, don haka lissafin bai shafe ta ba. A NBA kuwa akwai abin da shan kaye yake saya, amma bai kai yadda masu murnar nan suke zato ba. Kafin ka yi wa ƙungiyarka fatan faɗuwa a wani wasa, kamata ya yi ka iya faɗar takamaiman abin da faɗuwar wannan wasan za ta kawo mata. In ba ka iya faɗa ba, ka bi zuciyarka, ita ce a kan daidai. Bari mu bi abin daki-daki.

Me ya sa Amurkawa suke wannan lissafi

Manyan gasannin Amurka a rufe suke. Ƙungiyoyi 30 ne a NBA, kowace tana buga wasa 82 a kaka, kuma ko da ƙungiya ta ƙare ta ƙarshe shekara goma a jere, ba za a jefa ta rukunin 'yan dagaji ba, domin babu wannan rukunin ma. Kuma ƙungiyoyin ba sa rainon yara tun suna ƙanana irin yadda Barcelona ko Ajax suke yi. Matasan da suka fito daga jami'o'i da ƙasashen waje ana tara su ne wuri guda a watan Yuni, ƙungiyoyi su riƙa zaɓa ɗaya bayan ɗaya, zagaye biyu, mutum 60. Waɗanda suka fi shan wuya a kakar da ta gabata su ke fara zaɓa, don kada masu ƙarfi su riƙa ƙara ƙarfi. Manomi ne da gonarsa, ko ya bar ta ta kwana shekara babu mai ƙwace ta, har taki ake ƙara masa. A Firimiya kuwa ranar da ka bar gonar, ranar za a ba wani.

Abu biyu ne suka sa wannan zaɓe yake da tsada a ƙwallon kwando fiye da sauran wasanni. Na farko, mutum biyar kacal ke cikin fili, kuma gwani ɗaya yana iya buga minti 36 cikin 48, ƙwallo tana hannunsa a yawancin hare-hare. Don haka ɗan wasa guda yana iya juya tarihin ƙungiya. Na biyu, matashin da aka ɗauka a zagayen farko yana zuwa da kwantiragi mai arha wanda ƙungiya za ta iya riƙewa har shekara huɗu, bayan nan ma tana da damar biyan duk abin da wata ƙungiya ta taya ta riƙe abinta. Ga ƙungiyar ƙaramin gari, wadda manyan taurari ba sa sha'awar komawa can da kansu, wannan ce babbar ƙofar samun gwani.

Misalin da ya fi kusa da mu shi ne Hakeem Olajuwon, haifaffen Legas. Gasar a rabe take yanki biyu, gabas da yamma, kuma a wancan zamani kwabo ake jefawa tsakanin ta ƙarshen gabas da ta ƙarshen yamma don a san wadda za ta fara zaɓa. Houston Rockets ta ƙare ta ƙarshe a yamma a kakar 1983/84, kwabo ya faɗo mata, ta ɗauki Olajuwon, shi kuma ya ciyo mata kofi a 1994 da 1995. Zargin da aka yi ta yi cewa Houston ta saki wasannin ƙarshen kaka da gangan yana cikin abin da ya sa aka kawo ƙuri'ar sa'a a 1985. Sai San Antonio Spurs: David Robinson ya ji rauni a kakar 1996/97, ƙungiyar ta ci wasa 20 kacal, ƙuri'a ta faɗo mata, ta ɗauki Tim Duncan, ta ci kofi biyar tsakanin 1999 da 2014. Waɗannan labarai biyu su ne masu murnar faɗuwa suke riƙe da su, kuma gaskiya ne, sun faru.

Abin da shan kaye yake saya a lissafi

Nan ne ya kamata a zauna a yi lissafi, domin nan ne yawancin magoya baya suke ruɗin kansu. A tsarin 2019, ƙungiyoyi 14 da ba su samu shiga wasannin fitar da zakara ba su ke shiga ƙuri'ar a watan Mayu. Ana zuba ƙananan ƙwallaye 14 masu lamba 1 zuwa 14 a cikin inji, a zaro huɗu. Haɗin lambobi huɗu daga cikin 14 yana ba da 1,001. Ana raba 1,000 ga ƙungiyoyi, a bar ɗaya babu mai shi. Daga tsakiyar shekarun 1990 zuwa 2018, ƙungiyar da ta fi kowa lalacewa takan samu haɗi 250, wato kashi 25 cikin ɗari. A tsarin da aka fara aiki da shi a 2019, uku na ƙarshe kowace 140 take samu, kashi 14 ke nan. Ta huɗu daga ƙasa tana da kashi 12.5, ta biyar 10.5, ta shida 9, ta bakwai 7.5, ta takwas 6, haka yake raguwa har ta goma sha huɗu mai rabin kashi ɗaya. Gurabe huɗu na farko kaɗai ake zarowa ta ƙuri'a, sauran a jera su bisa yawan rashin nasara.

Ka duba abin da wannan yake nufi. Ƙungiyar da ta fi kowa shan kaye a duk gasar, damarta ta rasa zaɓin farko kashi 86 ne cikin ɗari. Damarta ta zamo cikin huɗun farko kusan kashi 52 ne, ta sauka zuwa ta biyar kuma kusan kashi 48. Tazarar da ke tsakanin ta ƙarshe da ta biyar daga ƙasa a wajen zaɓin farko kashi uku da rabi ne kawai, alhali a fili wannan tazarar tana iya zama wasa takwas ko goma da aka sha kaye. Ainihin ribar zama ta ƙarshe ita ce iyakar da ake sa wa faɗuwarka: ba za ka wuce ta biyar ba, ita kuwa ta biyar daga ƙasa tana iya gangarawa har ta tara. Ribar tana nan, amma ƙarama ce.

Kuma ba a takarda kaɗai abin ya tsaya ba. A 2019 New York Knicks ce ta ƙarshe da nasara 17, ta samu zaɓi na uku, New Orleans mai kashi 6 ta tafi da Zion Williamson. A 2023, shekarar Victor Wembanyama na Faransa da kowa yake kwaɗayi, Detroit Pistons ce ta ƙarshe da nasara 17, ta sauka ta biyar, San Antonio ta ɗauke shi. A 2024 Detroit ta sake zama ta ƙarshe, nasara 14 kacal, har da shan kaye sau 28 a jere, ta sake sauka ta biyar, Atlanta mai kashi 3 ta ci ƙuri'ar. A 2025 Utah Jazz ce ta ƙarshe da nasara 17, ita ma ta biyar ta samu, Dallas Mavericks mai kashi 1.8 ta ɗauki Cooper Flagg. Shekara uku a jere wadda ta fi kowa shan wuya ta ƙare a wuri mafi muni da doka ta yarda ta faɗa. Ko a tsohon tsari mai kashi 25, Charlotte ta ci wasa 7 cikin 66 a kakar 2011/12, amma Anthony Davis ya tafi New Orleans.

Hukumar gasar takan sake duba waɗannan ƙa'idoji daga lokaci zuwa lokaci, kuma kusan duk gyaran baya-bayan nan rage ladan faɗuwa yake yi. Don haka a duk kakar da za ka yi wannan lissafi, ka fara duba jadawalin kason da ake aiki da shi a shekarar.

In an ci ƙuri'ar ma, da sauran rina a kaba

A ce sa'a ta zo, an samu zaɓi na ɗaya ko na biyu. Saura a zaɓi mutumin da ya dace, saura ya zauna lafiya ba rauni, saura a samo masa abokan wasa. Portland ta ɗauki Sam Bowie na biyu a 1984, Michael Jordan ya tafi Chicago a na uku. Ita dai Portland ta ɗauki Greg Oden na ɗaya a 2007, ciwon gwiwa ya cinye shi, Kevin Durant ya tafi na biyu. Cleveland ta ɗauki Anthony Bennett na ɗaya a 2013, a shekarar da Giannis Antetokounmpo, ɗan iyayen Nijeriya da aka haifa a Girka, ya zauna har na 15 kafin Milwaukee ta ɗauke shi. Sacramento Kings ta yi kaka 16 a jere ba ta shiga wasannin fitar da zakara ba, kusan kowace shekara tana cikin masu zaɓen farko-farko, kuma a 2018 ta tsallake Luka Doncic ta ɗauki Marvin Bagley. Stephen Curry na 7 ne, Kawhi Leonard na 15, Nikola Jokic na 41. Ƙungiyar da masu nemo mata 'yan wasa ba su da ido, ko sau nawa ta faɗi ba za ta tashi ba.

Gwajin da ya fi kowane girma shi ne na Philadelphia 76ers. Daga 2013 shugaban sashen 'yan wasanta Sam Hinkie ya rabu da duk wani gwani da zai iya ciyo wasa, ya tara damar zaɓe. Ƙungiyar ta ci wasa 19, sannan 18, sannan 10 cikin 82. Abin da aka samu: Joel Embiid ɗan Kamaru na uku a 2014, Jahlil Okafor na uku a 2015, Ben Simmons na ɗaya a 2016, Markelle Fultz na ɗaya a 2017. Embiid ya yi shekara biyu yana jinyar ƙafa kafin ya fara wasa, daga baya ya zama gwarzon gasar a 2023. Sauran ukun duk sun bar ƙungiyar ba tare da sun zama abin da aka zata ba. Ƙungiyar ta dawo cikin manya, wannan ba a musu, amma har zuwa 2025 ba ta kai wasan ƙarshe na yankin gabas ba. Masu yabon tsarin da masu zaginsa duk da wannan tarihin suke kafa hujja. Ni abin da nake gani a ciki shi ne, shekara uku na azaba sun sayo gwani ɗaya cikin ƙoƙari huɗu.

Oklahoma City Thunder, wadda ta ci kofin 2025, ita ake yawan kawowa a matsayin hujjar cewa faɗuwa tana biya. Ta yi kaka biyu a ƙasa, nasara 22 da 24, ta ɗauki Chet Holmgren na biyu a 2022. Amma jagoranta Shai Gilgeous-Alexander ta hanyar musaya ya zo daga Los Angeles Clippers a 2019, shi kansa na 11 aka ɗauke shi a shekararsa. Jalen Williams na 12 ne, kuma da damar zaɓen Clippers aka ɗauke shi, wadda ta zo a cikin wannan musayar. Wato biyu daga cikin manyan ukunta ba faɗuwarta ce ta kawo su ba. Kuma ba ta daɗe a ƙasa ba, kaka biyu ta yi ta fara hawa.

Akwai hasarar da ba ta fitowa a jadawalin ƙuri'a. Yaro ɗan shekara 19 ko 20 da ya yi kaka uku bai taɓa buga wasan da sakamakonsa ya dami kowa ba, yakan koyi munanan ɗabi'u: jifa ba lissafi, sakaci wajen tsaro, neman makin kansa. Detroit ta yi kaka biyar a jere ba ta wuce nasara 23 ba, duk da tana da Cade Cunningham da ta ɗauka na ɗaya a 2021. Abin da ya tashe ta a kakar 2024/25 zuwa nasara 44 shi ne sabon koci, J.B. Bickerstaff, da gogaggun 'yan wasa irin su Tobias Harris da aka kawo suka buɗe wa yaran fili. Ba wani sabon zaɓi na ɗaya da ya zo a wannan shekarar.

Inda fatan shan kaye yake da hujja

Duk da haka ba zan ce maka masu murnar nan ba su da gaskiya ko kaɗan ba. Akwai yanayin da wasa ɗaya yake da farashi bayyananne. Ƙungiyoyi suna musayar damar zaɓensu ta shekaru masu zuwa, kuma sukan sa sharaɗi: in damar ta faɗo cikin goman farko, misali, tamu ce, in ta wuce haka, taku ce. A nan bambancin wasa ɗaya shi ne bambancin samun ɗan wasa da rasa shi ɗungurungum. Haka ta faru da Dallas a Afrilun 2023. New York na bin ta damar zaɓe mai sharaɗin goman farko. Saura wasa biyu a gama kaka, tana da sauran 'yar damar shiga wasannin share fage, waɗanda ake bugawa don neman guraben ƙarshe na wasannin fitar da zakara, sai ta ajiye Kyrie Irving da wasu manyan 'yan wasanta a karawa da Chicago, ta fitar da gwaninta Luka Doncic tun da wuri, aka doke ta. Hukumar gasar ta ci ta tarar dala 750,000. Amma ta riƙe damarta, ta samu Dereck Lively da ita, kuma a 2024 ta kai wasan ƙarshe na gasar. Mai goyon bayan Dallas da ya so a sha kaye a wannan daren ya san abin da yake saye. Ka ga wannan daban yake da wanda tun watan Disamba yake addu'ar a yi ta faɗuwa.

A gasar NFL ta ƙwallon zari-ruga irin ta Amurka lissafin ya fi kai tsaye, domin babu ƙuri'a: wadda ta fi kowa faɗuwa ita ke fara zaɓa, kuma wasa 17 ne kawai a kaka, don haka kowane wasa yana motsa layi. Amma ko a can ba a san gobe ba. A 2020 New York Jets ta sha kaye 13 a jere, sai ta ci wasa biyu, Jacksonville ta wuce ta ta ɗauki Trevor Lawrence, magoya bayan Jets suka yi ta cizon yatsa. Bayan shekara biyu Houston Texans ta ci Indianapolis 32 da 31 a wasan ƙarshe na kaka, nasarar da ta sa ta rasa zaɓin farko, aka kori kocinta a daren. Da zaɓi na biyu ta ɗauki C.J. Stroud, wanda ya zama gwarzon sababbin 'yan wasan gaba na shekarar, ya kai ta wasannin fitar da zakara a kakarsa ta farko. Nasarar da aka yi wa kuka ita ta zama alheri. Babu masanin da zai iya gaya maka tun a watan Janairu wane yaro ne zai yi fice, kuma wannan iyaka ce ta duk wani lissafi da na kawo maka a nan.

Wani abu da ya kamata ka riƙe: 'yan wasa ba sa faɗuwa da gangan, shugabanni ne suke tsara faɗuwa. Ɗan wasan da yake cikin fili yana neman kwantiragin baɗi ne, kuma matashin da za a ɗauko da wannan zaɓen gurbin ɗaya daga cikinsu zai ci. Koci ma rashin nasarar a kan sunansa ake rubuta ta, sau da yawa kuma shi ake kora kafin gwanin ya iso. Abin da shugabanni suke yi shi ne su sayar da gogaggu kafin a rufe kasuwar musaya a watan Fabrairu, su tsawaita jinyar wanda ya ji ɗan rauni, su ba yara mintuna masu yawa. Wannan ya sha bamban da sayar da wasa, wanda ha'inci ne kuma laifi. Amma yana nufin idan ka ga yaran ƙungiyarka sun dage sun ci wasan da ba a zata ba, ba su ɓata wani shiri ba, aikinsu suka yi, kuma alama ce cewa cikin waɗanda ake da su akwai na ƙwarai.

Shi ya sa abin da nake dubawa a ƙungiyar da kakarta ta mutu ya wuce sakamako. Wa ya ciyo wasan? In ɗan shekara 21 da ƙungiya za ta riƙe shekaru masu zuwa shi ya riƙe ƙwallo a minti biyar na ƙarshe, ya ƙi zubar da ita, ya zura jifan tara da aka ba shi, wannan nasarar ta fi kashi ɗaya da rabi na ƙuri'a daraja nesa ba kusa ba. In kuwa ɗan shekara 34 da kwantiraginsa zai ƙare a watan Yuni shi ya buga minti 38 ya ciyo wasan, yaran suna zaune a benci, to nan kana da dalilin ɓacin rai, kuma da koci da shugabanni za ka yi, domin ba a samu gogewa ba, ba a samu matsayi a ƙuri'a ba. Ka riƙa duba mintunan da 'yan ƙasa da shekara 23 suke samu, da yawan ƙwallon da suke zubarwa daga wata zuwa wata, da ko tazarar da ake doke su da ita tana raguwa. Ƙungiyar da ake ci da maki 4 bayan an yi kankankan har ƙarshe tana kan hanya. Wadda ake ci da maki 25 tun kafin hutun rabin lokaci, babu wani yaro ɗan shekara 19 da zai zo ya gyara ta shi kaɗai.

Ƙwallon ƙafa

A Firimiyar Ingila uku na ƙarshe cikin 20 suna faɗawa rukunin 'yan dagaji, kuma kowane mataki a teburi yana da kuɗinsa na miliyoyin fam. Wadda ta faɗi tana rasa mafi yawan kuɗin talabijin, gwanayenta su watse. Leeds United ta faɗi a 2004, sai 2020 ta dawo. Sunderland ta faɗi a 2017, ta sake faɗuwa a 2018, ba ta ga Firimiya ba sai 2025. A gida ma mun gani: Kano Pillars, mai kofin gasar Nijeriya huɗu, ta faɗi a 2022, sai da ta yi kaka guda a ƙasa kafin ta dawo. Babu wani matashin gwani da ake ba ƙungiya ladan faɗuwa.

Dalili biyu ne suke sa mai kallon ƙwallon ƙafa ya so a ci ƙungiyarsa, kuma duk wanda yake zama a gidan kallo ya san su. Na farko don a kori koci. Wannan fata ce mai rauni, domin korar koci tana cin kuɗin sallama, kuma in matsalar daga masu sayen 'yan wasa take, sabon kocin zai tarar da ita tana jiransa. Manchester United ta canza koci bayan koci tun da Alex Ferguson ya yi ritaya a 2013, Moyes da Van Gaal da Mourinho da Solskjaer da Ten Hag duk sun zo sun tafi, kuma a kakar 2024/25 ta 15 ta ƙare. Na biyu don a hana abokiyar gaba kofi. A watan Mayun 2010 magoya bayan Lazio sun yi murna a filinsu lokacin da Inter ta ci su 2 da 0, don kada Roma ta ɗauki kofin Italiya. A Mayun 2024 wasu magoya bayan Tottenham sun so Manchester City ta doke su don kada Arsenal ta zama zakara; City ta ci 2 da 0, kuma wannan kayen shi ya rufe wa Tottenham ƙofar shiga gasar zakarun Turai ta hanyar teburi, kocinta Ange Postecoglou ya fito ya nuna ɓacin ransa a fili. Ina fahimtar zafin hamayya, amma wanda ya yarda ƙungiyarsa ta yi hasarar gurbin Turai don maƙwabci ya yi kuka, ƙiyayyar maƙwabcin ta fi ƙaunar ƙungiyarsa ƙarfi a ransa.

Abin da ya ɗan yi kama da lissafin Amurka a ƙwallon ƙafa shi ne ƙungiyar da ta tsira daga faɗuwa, ba ta kuma da abin nema a teburi, sai ta hutar da gwanayenta saboda wani kofi. Tottenham ta yi haka a ƙarshen kakar 2024/25, ta ƙare ta 17, ta ci kofin Europa a Bilbao, ta samu gurbin gasar zakarun Turai. Ko a nan ba kayen ne ya kawo kofin ba, hutun 'yan wasa ne.

Yadda za ka yi da ƙungiyarka bana

Ka fara da tambayar da mutane da yawa suke mantawa: damar zaɓen bana tana hannun ƙungiyarka kuwa? In an riga an ba da ita a wata musaya ba tare da sharaɗi ba, duk kayen da kuka sha wata ƙungiya kuke yi wa aiki, ka nemi nasara a kowane dare ba tare da wani tunani ba. In akwai sharaɗi, ka san lambarsa, ka san inda kuke a jerin daga ƙasa. Sannan ka dubi tazararku da ta goma a yankinku, domin tun 2021 ƙungiyoyi na 7 zuwa na 10 suna buga wasannin share fage, kuma in tazarar wasa uku ko huɗu ce a watan Fabrairu, kakar ba ta mutu ba, wasa biyu masu zafi a watan Afrilu suna koya wa yara abin da wata shida na wasan banza ba za su koya musu ba.

In kuwa kun yi nisa da ta goma, damar tana hannunku, to ka bar lissafin ƙuri'a sai makonni biyu ko uku na ƙarshen kaka, lokacin da za ka iya gani da idonka cewa wasa kaza ne zai raba ku da mataki kaza. Kafin nan wasanni sun yi yawa, sauran ƙungiyoyin ƙasa ma suna nasu faɗuwar, nasara ɗaya a watan Janairu ba ta canza komai da za a iya aunawa. A waɗannan makonnin na ƙarshe, in kun haɗu da ƙungiyar da kuke kankankan da ita a ƙasa, ko sharaɗin damarku yana rataye da wasa ɗaya, babu laifi in an ci ku ka ji sauƙi a ranka, ba ka ci amanar kowa ba. Sauran dararen da za ka tashi ƙarfe biyu, ka goyi bayan yaran su ci wasansu, ka sa ido a kan waɗanne biyu ko uku daga cikinsu ne suka cancanci a riƙe in gwanin ya zo.